Kujerar Makka: Ta Alfarma Ko Ta Tsaka-tsaki, Wacce Ta Ci Kuɗinta?

Na san na yi muku alkawarin za mu ƙarasa maganar tsutsar cikin yara a wannan makon, to amma ku yi mini uzuri mu ɗaga ta zuwa gaba. Lokacin biyan kuɗin kujerar Makka ya kama, kuma tambayar da ta fi yawa a saƙonninku 'yan kwanakin nan ita ce: idan za a kai tsoho ko tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini, a daure a biya kujerar alfarma ta kamfanin jirgin yawo ne, ko ta tsaka-tsaki ma ta wadatar? Wani zai ce ina ruwan mai kantin magani da wannan magana? Da ruwana kuwa. Ni nake haɗa musu jakar magani idan za su tafi, ni kuma nake ganin yadda suke dawowa.

A farkon shekarar 2025 wani bawan Allah mai sayar da wake da gero a Kasuwar Gamboru ya shigo kantinmu bayan sallar La'asar. Na san shi sarai, domin duk wata shi ke zuwa karɓar wa mahaifiyarsa allurar insulin da ƙwayoyin hawan jini. Rannan ba magani ne ya kawo shi ba. Wasu takardu biyu masu sheƙi ya ajiye mini a kan kanta, ya ce, "Malama, don Allah duba mana waɗannan. Mu biyar muka haɗa kuɗi za mu kai tsohuwa, amma kanmu ya rabu."

Takarda ta farko na ɗauke da hoton doguwar hasumiyar agogon nan ta bakin Harami: otal mai tauraro biyar, abinci sai wanda ranka ya so, sannan tantin manya a Mina, wanda ake kira Tent A. Ta biyun ba ta da wani ado: masauki mai ɗan nisa, mutum huɗu a ɗaki, tantin gama-gari. Kuɗin ta farkon ya haura ninki biyu na ta biyun. Yayansu da ke aiki a Abuja ya kafe a kan ta farko, wai uwa ɗaya gare su, kuma sau ɗaya za ta je. Shi kuwa mai waken, duk wanda ke Gamboru ko Gwange ya san abin da ruwan madatsar Alau ya yi wa garin nan ranar 10 ga Satumban 2024. Buhunansa sun kwana cikin ruwa sun ruɓe, da ƙyar ya haɗa nasa kason. Amma kunya ta hana shi buɗe baki ya ce a ɗauki mai sauƙin, kada 'yan'uwa su ce yana yi wa uwa rowa.

Kafin in faɗa muku abin da na ce masa, bari in ɗan ratse. Sunan nan na "jirgin yawo" da muke kiran kamfanonin Hajji da Umara masu zaman kansu yana ba ni dariya, domin a wasu ƙasashen akwai jirgin yawo na gaske: manyan jiragen ruwa masu hawa-hawa da mutane ke biya su kwana a ciki suna zaga teku don shaƙatawa. Ita kanta Saudiyya ta ƙaddamar da nata, mai suna AROYA, daga Jidda a ƙarshen 2024. Masu hawansu ma wannan gardamar suke yi. Na alfarmar yakan haɗa kusan komai a cikin kuɗin tikiti, na tsaka-tsakin kuwa da sauƙi a bakin ƙofa, amma kana shiga za a fara cajinka abin sha daban, fita yawo a gari daban, intanet daban. Abin da gogaggunsu suka gano shi ne, ba lambar da ke saman takarda ake kwatantawa ba, abin da ya fita daga aljihunka ranar da ka dawo gida ake kwatantawa. Wannan ya shafe mu. Bambancin kawai, su hutu suke saye, mu kuwa ibada ce mai cin ƙarfin jiki za a je yi, cikin zafin da ba ya raga wa kowa.

Akwai abubuwan da kuɗi ba ya canza su ko kaɗan. Ɗawafi kewaye bakwai ne ga mai tantin manya da mai tantin talakawa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, idan aka haɗa zuwa da dawowa sau bakwai, ya ɗan haura kilomita 3. Ranar da ke dukan filin Arfa guda ɗaya ce. A Muzdalifa kusan kowa a fili yake kwana. Asibitocin da gwamnatin Saudiyya ke buɗewa a Mina da Arfa kyauta suke duba alhazai, kuma ba a tambayarka daga wane tanti ka fito. A Madina ma, shekarun nan hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, takan sauke alhazan jihohi a unguwar Markaziyya da ke kewaye da Masallacin Annabi (SAW), don haka mai kujerar jiha ba shi da wani abin hassada sosai a can.

Inda kuɗi ke magana da babbar murya shi ne Mina. Tantin manya yana kusa da wurin jifa, sanyinsa ya fi ƙarfi, mutane ba su cushe ba. Tantin gama-gari, wanda yawancin alhazanmu ke sauka a ciki, yana can ciki, wasu sai sun taka kilomita biyu, uku ko fiye kafin su isa wurin jifa, sannan su sake takowa. Wannan bambanci ne na gaske, ba zan ɓoye muku ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayina na mai harkar magani ba tafiyar ba ce, banɗaki ne. Ku saurare ni da kyau a nan. Idan layin banɗaki ya yi tsawo, tsofaffinmu, musamman mata, dabara ɗaya suke yi: su daina shan ruwa. Tsohuwa za ta yini da ƙishi don kada fitsari ya matse ta ta je ta tsaya a rana. To ga gumi yana zuba. Ga shi da yawansu suna shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Moduretic ko Lasix, wanda aikinsa ke nan ya rage ruwan jiki. Gwiwa ta ɗauki ciwo saboda tafiya, sai wata maƙwabciya mai tausayi ta ciro diclofenac ko ibuprofen daga jaka ta ce, "Sha wannan, yanzu za ki ji sakayau." Ƙarancin ruwa, da maganin fitsari, da irin wannan maganin ciwon jiki, idan suka haɗu a jikin mai shekara saba'in mai ciwon suga, ƙoda suke nufa kai tsaye. Mu kuwa mutanen Borno da Yobe ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba, mun san yadda layin wankin ƙoda yake. Saboda haka idan ka ce mini ƙarin kuɗin da za ka biya zai sayo wa mahaifiyarka banɗaki kusa, mai ƙarancin layi, a kwanakin Mina da Arfa, zan ce maka wannan kuɗin ya tafi inda ya dace.

Sauran abin da ke cikin takarda mai sheƙin fa? Daɓen marmara a zauren otal, da taga mai kallon Harami, da teburin abinci mai tsawon rumfar kasuwa. Daɗi ne, ban musa ba. Sai dai ga mai ciwon suga, teburin nan da ke shaƙe da kek da lemon kwali da shinkafa kala biyar jarrabawa ce, ba gata ba. Na sha ganin waɗanda suka dawo daga babban otal awon sugansu ya haura fiye da yadda suka tafi. Tsohuwar da ta saba da tuwo da miyar kuka da kunun gyaɗa, sau da yawa ma ba ta iya cin abincin, sai ka same ta tana aike a nemo mata tuwo wajen 'yan'uwanmu mazauna can.

Kusancin masauki da Harami, shi kam yana da amfani ga mai ciwon gwiwa. Amma ku yi hattara da kalmar "kusa". Kusa a bakin saurayi ɗan shekara talatin daban, kusa a ƙafar tsohuwa daban, ga Makka gari ne mai hawa da gangara. Ku ce a faɗa muku sunan otal ɗin, ku sa yaro ya duba taswira a waya, a ga mita nawa ne zuwa ƙofar masallaci. Idan an ce akwai motar da ke kai mutane kyauta, ku sani motocin nan sukan tsaya idan kwanakin Hajji sun matso saboda cunkoso. Akwai kuma tsarin da ake sauke mutum 'yan kwanaki a otal ɗin bakin Harami, a ɗauki hotuna a turo gida, sannan a kwashe shi a mayar Aziziyya sauran kwanakin. Ba laifi ba ne idan an faɗa tun farko an kuma rage kuɗi. Laifin shi ne a sayar maka da hoton hasumiya, ka ƙare rabin zamanka a wani wuri.

Da na gama duba takardun nan biyu sai na tambayi mai waken abin da babu shi a cikin ko ɗaya. Na ce, "Alhaji, wa zai raka ta?"

Ya yi shiru. Ya ce ai kamfanin sun ce suna da ma'aikata.

Na ce ma'aikacin kamfani zai ɗauki jaka, zai nuna mota, zai raba abinci. Ba zai tashi ƙarfe biyun dare ya ga tsohuwa tana gumi mai sanyi tana rawar jiki ya gane suganta ne ya faɗi ba. Ba zai tuna cewa ta yi allura amma ba ta ci abinci ba. Ba zai shiga banɗakin mata ya riƙe mata hannu ba. Ba zai duba tafin ƙafarta da daddare ya ga ko ta ƙone ba, alhali masu ciwon suga da yawa jijiyoyin ƙafarsu sun mutu, sai takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci, su taka kwalta mai zafi ba su ji ba, sai an dawo gida a yi wata da watanni ana jinyar gyambo. Ga uwa-uba, tsohuwar nan Kanuri da Hausa kawai take ji. Idan ta ɓace a cikin mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, tauraro biyar ɗin otal ba zai nemo ta ba.

Sai muka yi lissafi a bayan takardar. A Hajjin 2025 kuɗin kujera ta hannun hukumar alhazai ga shiyyar Borno da Adamawa Naira miliyan 8 da dubu 327 ne da 'yan kai, mu ne ma mafi sauƙi a ƙasar saboda mun fi kusa. Kujera biyu ke nan miliyan 16 da dubu ɗari shida da wani abu. Kujerar tsaka-tsakin da ke takardarsa ba ta yi nisa da wannan ajin ba. Wato kuɗin da za a zuba wa tsohuwa ita kaɗai a tantin manya zai kai ta, ya kai 'yarta, har a sami canjin hayar keken turawa wajen ɗawafi da sa'ayi. A ganina, ga tsoho mai ciwo, babu wani jin daɗi da kamfani zai sayar maka da ya kai ɗa ko 'ya mai ƙarfi a gefensa.

Kada a fahimce ni a baibai. Wanda Allah ya hore wa, zai iya biyan kujerar alfarma guda biyu ba tare da ya ci bashi ko ya taɓa jarinsa ba, ya biya, musamman idan mai tafiyar na da ciwon zuciya ko ƙiba ko gwiwar da ta gaji. Wanda kuɗinsa ya tsaya a tsakani, yana da ɗan ƙari amma bai kai na komai da komai ba, ya tambaya ko za a bar masa otal na tsaka-tsaki a ɗaga masa tantin Mina. Kwana biyar ɗin nan ne ke kayar da mutane, ba kwanakin otal ba. Mai lafiya ɗan shekara arba'in kuwa, gaskiya kujerar tsaka-tsaki ta ishe shi, sauran kuɗin ya bar wa iyali abinci da kuɗin makaranta. Maganar ko mai rauni zai iya wakilta wani ya yi masa jifa, da abin da ke biyo bayan hakan, wannan fagen malamai ne, a tambaye su tun a gida. Akwai kuma waɗanda hukumomin lafiya na Saudiyya suka ce kada ma su zo, kamar mai wankin ƙoda, da mai ciwon zuciya ko na huhu da ya yi tsanani, da wanda rikicin tsufa ya taɓa wa hankali. Waɗannan babu tantin da zai gyara lamarinsu, kuma ɓoye ciwo a wajen gwajin maniyyata cutar kai ne.

Akwai takarda ta uku da mai waken bai kawo ba, amma na san tana yawo a gari: ta masu cewa za su kai ka da bizar ziyara, ka laɓe har lokacin Hajji, a rabin kuɗi. Araha ba ta ado. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji. Ba su da tanti, ba su da mota, suka yi ta tafiya a rana. Ƙasar Masar sai da ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan wannan. Duk kujerar da ba ta zo da bizar Hajji da katin Nusuk ba, ba tsaka-tsaki ba ce, ganganci ne. NAHCON takan fitar da sunayen kamfanonin da ta ba lasisi, a duba kafin a tura ko sisi.

Ko wacce kuka zaɓa, a sa kamfani ya rubuta, kada a tsaya a fatar baki: sunan otal a Makka da Madina, ajin tanti, mutum nawa a ɗaki, abinci sau nawa, ko kuɗin hadaya da na guzuri suna ciki, daga Maiduguri jirgi zai tashi ko sai an bi ta Kano ko Abuja kuma wa zai biya wannan, sannan me za a mayar maka idan ba a ba ka abin da ka saya ba. Ku ƙara da tambaya tawa, wadda ba kowa ke yi ba: akwai firji a ɗakin? Akwai likita ko nas a tawagar?

Firjin saboda insulin ne. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, amma kada ya daskare, idan ya yi ƙanƙara ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yawanci yakan yi kamar mako huɗu matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba, to Mina ta wuce nan nesa, don haka a nemi 'yar jakar sanyaya magani. A jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a babbar jaka ba. Duk magani a bar shi cikin kwalinsa, a riƙe takardar likita, a ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiya da mako biyu, domin jirgin dawowa yakan yi jinkiri. Mai shan maganin fitsari ko ƙwayar suga irin su Daonil ya ga likitansa kafin tafiya a duba ko za a daidaita masa, kada ya rage ko ya daina da kansa. Ciwon jiki, a tsaya a farasitamol. A sa ƙullin gishiri da sukari na ORS, da lema, da takunkumi, da silifa na biyu a cikin jaka, da dabino a aljihu. Tramadol da maganin tari mai kodin da goro, a bar su a gida, kuma kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi. Rigakafin sanƙarau a yi shi aƙalla kwana 10 kafin isa, a kuma yi na shawara da na shan inna a kan lokacinsu, kuma a yi allurar da gaske. Sayen katin ba tare da allura ba ya zama ruwan dare, ni kuwa ban ga ribar yaudarar ma'aikacin filin jirgi a kai jiki cikin taron duniya babu kariya ba.

Mai waken ya naɗe takardunsa ya tafi. Na ji daga baya an kai ruwa rana a waya da na Abuja, har sai da tsohuwar da kanta ta raba gardama, ta ce ita dai a haɗa ta da autarta. Haka aka yi, kujera biyu ta tsaka-tsaki.

Bayan Babbar Sallah da 'yan makonni autar ta zo kanti da ledar dabino da 'yar gorar zamzam. Ba ta yi mini kwaskwarimar labari ba. Ta ce, "Anti, Mina ta ba mu wuya." Tantinsu da nisa, layin banɗaki kuwa sai da ta riƙa tashi tun kafin asuba tana kama wa tsohuwa wuri, tana bin ta da gorar ruwa kamar mai ba yaro magani. A daren Muzdalifa tsohuwar ta fara magana ba kan gado, jikinta ya jiƙe sharkaf. Ta tuna abin da muka yi da ita, ta auna ta, ta ga sugan ya yi ƙasa, ta ba ta dabino uku da lemo, ta zauna a kanta har ta dawo daidai. Silifa kuma ɗaya ya ɓace tun ranar farko a Harami, na jakar ne ya fisshe su.

Na tambaye ta na Abujan fa? Ta yi dariya ta ce har yanzu yana cewa da an bi tasa da Hajja ba ta sha layin banɗaki ba. Na ce ai da gaskiyarsa a wannan. Sannan na jawo littafi na rubuta wa Hajja ranar da za ta zo a auna mata ƙoda da suga, don wanda ya dawo daga wannan tafiya da irin ciwonta bai kamata ya wuce wata guda ba a duba shi ba.